Aikatau Na Turanci Yana Kayar Da Ni A Jarrabawa: Amsa Ga Wata Ɗaliba Daga Daura

Wata ɗaliba ce daga Daura ta aiko da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Na zana jarrabawar WAEC sau biyu, ina samun kiredit a sauran darussa, amma Turanci D7 nake tashi da shi. Na haddace jadawalin tensis 12, zan iya kawo su da ka. Duk da haka in na rubuta insha'i sai malaminmu ya cika takardar da jan biro, kuma yawanci a ƙarƙashin aikatau yake ja. Ina matsalar take?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya maimakon ki zauna kina cewa Turanci ba rabonki ba ne. Na shafe shekaru masu yawa ina koyar da Turanci a makarantun sakandare a nan Katsina, kuma irin takardar da kike bayani ta sha biyowa ta hannuna. Haddar da kika yi tana da amfani, kada ki zubar da ita. Sai dai wanda ya tsara jadawalin nan bai san da wane harshe kike tunani ba. Idan kin ɗauki biro, da Hausa jimlar take fara zuwa miki, sannan ki sa mata rigar Turanci. Mafi yawan wuraren da malaminku yake ja wa layi, in kika mayar da su Hausa kalma da kalma, za ki tarar jimla ce lafiyayya wadda ko a fada za a iya furta ta. Ke nan abin da kike buƙata shi ne ki san wuraren da Hausa da Turanci suka raba hanya. Ba su da yawa, kuma su nake so mu bi tare.

Ki fara duba inda kowane harshe yake ɗora kayansa. Muna cewa Audu ya karanta littafi, Audu yana karanta littafi, Audu zai karanta littafi, Audu yakan karanta littafi. Kalmar "karanta" ko motsi ba ta yi ba. 'Yar ƙaramar kalmar da take zuwa kafin ta, wato ya, yana, zai, yakan, ita take ɗauke da komai: wa ya yi aikin, namiji ne ko mace, mutum ɗaya ne ko da yawa, an gama ko ana ciki. Aikataunmu ma yana sauya siga, amma don wasu dalilai daban, kamar saya, sayo, saye, sayar. Waɗannan ne wani Bature masanin Hausa mai suna Parsons ya kasa gida 7 a 1960, masu nazarin Hausa suke kiransu giredin aikatau. Lokaci dai ba ya taɓa jikin aikatau a wurinmu. Turanci kuwa wakilin sunansa ba ya ɗaukar wannan kaya. "He" ba ta gaya miki komai game da lokaci, a jikin aikatau ake ɗora shi ko a kan mataimakinsa: "reads", "read", "is reading", "has read", "will read". Shi ya sa ɗalibi Bahaushe yake rubuta "He go to Kano yesterday" hankalinsa kwance, domin a kansa "he" ta riga ta yi aikin "ya". Daga nan ne kuma "My brother he travelled" take fitowa, tunda mu ba ma cewa "Audu tafi kasuwa" sai in aikensa muke yi. A Turanci in an ambaci suna an gama, ba a ƙara masa wakili.

Sigogin kansu ba abin tsoro ba ne. Aikatau mai bin ƙa'ida siga 4 gare shi kacal: "walk, walks, walked, walking". Masu taurin kai irin su "go" suna da 5: "go, goes, went, gone, going". "Put" da "cut" suna da 3. "Be" ne kaɗai yake da 8: "be, am, is, are, was, were, being, been". Masu taurin kan nan kimanin 200 ne, amma su ne aka fi amfani da su kullum, don tsofaffin kalmomi ne da suka riƙe tsohon tsarinsu. "Went" ma asalinta ba 'yar gidan "go" ba ce, daga wani tsohon aikatau "wend" aka aro ta. Babu dabara a nan sai biyawa da baki kamar karatun allo: "take, took, taken", "write, wrote, written", har harshe ya saba.

Akwai wani abu da ba a cika gaya wa ɗalibai ba, wanda ni a ganina shi ne silar rabin jan biron da ke kan "s" da "ed". Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu a jere. Dubi yadda muka yi da kalmomin da muka aro: benci, banki, burodi. Duk inda baƙaƙe suka taru sai mu cusa wasali ko mu ƙara shi a ƙarshe. To idan Bature ya ce "asks" ko "helped" ko "walked", kunnen Bahaushe yakan ji "ask", "help", "walk", ya bar wutsiyar a baya. Abin da kunne bai kama ba kuwa hannu ba ya rubutawa. Kin san ƙa'idar sarai, in an tambaye ki za ki ce "he, she, it" suna karɓar "s", amma a tsakiyar insha'i muryar da ke cikin kanki ce take yi miki shifta. Don haka ki koya wa bakinki furta wutsiyar. "Ed" sauti 3 gare ta: kamar "t" a "walked", kamar "d" a "played", kamar "id" a "wanted". Ki riƙa fitar da su da ƙarfi har ya zama in kin bar su za ki ji kamar kin fita ba takalmi.

Yanzu ga babban wurin, kuma a nan zan daɗe.

Hausa ta fi damuwa da yanayin aiki: an kammala shi, ana cikinsa, ko ba a fara ba. Yaushe ne, wannan sauran zancen ne yake nunawa. Turanci kuwa dole kowace jimla ta nuna ko a da ne ko a yanzu. Ki saurari waɗannan: Yanzu haka yana barci. Jiya da na je yana barci. Gobe war haka yana barci. "Yana" ɗaya ce a duka ukun, kuma babu Bahaushen da zai ruɗe. A Turanci kuwa ta farko "he is sleeping" ce, ta biyu "he was sleeping", ta uku "he will be sleeping". Ɗalibin da aka koya wa cewa "yana" ita ce "is" zai yi daidai a ta farko kawai. Ki ɗauki insha'in da ake yawan ba ku, na bikin da kika taɓa halarta. A ce kin zaɓi Sallar Gani. A ranki kina cewa: da muka isa ƙofar fada, mahaya suna jira, makaɗa suna ta kiɗa, mutane sun cika wurin. Sai hannu ya rubuta "When we reached the palace, the horsemen are waiting and the drummers are playing." An fara da "reached" lafiya, sannan aka faɗo cikin "are". Wanda yake duba takardar zai ja layi biyu nan take. Daidai shi ne "were waiting" da "were playing". Bahaushe sau ɗaya yake kafa lokaci a farkon labari ya ci gaba abinsa. Bature sai ya maimaita shi a kan kowane aikatau har labarin ya ƙare. In kin buɗe labari da "last year", to kin shiga ɗakin "was, were, had, could, would, did", ba ki fita sai in kin buɗe alamar zance kina kawo maganar wani kamar yadda ya faɗe ta, ko kina faɗin abin da har yau gaskiya ne, kamar "Daura is an old town".

Wannan dokar ce take bin rahoton magana. Mu muna cewa ya ce zai zo, ta ce tana da aiki. Ba mu taɓa "zai" ko "tana" ba. A Turancin jarrabawa "said" takan ja abin da ke biye da ita baya taki ɗaya: "He said he would come", "She said she was busy". "Will" ta koma "would", "can" ta koma "could", "is" ta koma "was".

Sai kuma "na ci", "ya zo", "sun tafi". Sigar nan ɗaya ta Hausa ta ɗauke aikin da Turanci ya raba wa sigogi har uku. "Na ci abinci" tana iya zama "I ate", tana iya zama "I have eaten", a cikin labari kuma tana iya zama "I had eaten". Bambancin biyun farko shi ne inda na ga ɗalibai masu ƙoƙari ma suna tuntuɓe. "I ate" tana ajiye aikin a wani lokaci da ya wuce aka rufe shi. "I have eaten" ba ta damu da yaushe ba, tana cewa ne a yanzu haka cikina a cike yake, kada a zubo mini. Saboda haka "have" ba ta zama a jimla ɗaya da kalmar da ta yanke lokaci. "I have seen him yesterday" kuskure ne duk da daɗin da take yi a kunne. In akwai "yesterday", "last week", "in 2020", "two days ago", to "I saw him" ce.

Ga wata hanya da na daɗe ina ba ɗalibaina, kuma Hausa ce da kanta take ba da ita. Ki gwada saka "riga", "taɓa" ko "tukuna" a jimlar Hausar. In ta karɓa ba tare da ma'ana ta sauya ba, to "have" ake nema. Na riga na biya kuɗin makaranta, "I have already paid". Kin taɓa zuwa Zariya? "Have you ever been to Zaria?" Bai dawo ba tukuna, "He has not come back yet". In kuwa jerin labari kike yi da "sai muka tashi, muka hau mota, muka isa, suka tarbe mu", wannan jerin na "muka" da "suka" sigar "ed" yake so, ɗaya bayan ɗaya: "we left, we boarded a bus, we arrived, they welcomed us". Kin ga Hausa ma ta bambanta "sun zo" da "suka zo". Kunnenki ya riga ya san irin wannan rabo, sai dai a wani wuri daban aka ja layin.

"Had" kuma aikinta ɗaya ne: a cikin labarin da ya wuce, ta nuna abin da ya riga wani faruwa. Ko da muka isa tasha, motar Katsina ta riga ta tashi: "When we got to the motor park, the Katsina bus had left." In kika ce "the bus left", ma'anar ta koma da isarmu sai motar ta tashi a kan idonmu. Wasu ɗalibai da zarar sun koyi "had" sai su yayyafa ta a kowace jimla don su burge mai dubawa. Kada ki yi haka. In babu abu biyu da ake jera wanne ya riga wanne, ki bar ta.

Akwai kuma aikin da ya faro tun baya kuma har yanzu ana cikinsa. Ina jiransa tun safe. Muna zaune a Daura tun 2015. Da yake mun ce "ina" da "muna", sai hannu ya tafi ga "I am waiting since morning". Turanci a nan yana so a haɗa baya da yanzu: "I have been waiting for him since morning", "We have lived in Daura since 2015". "Since" tana bin wurin da aka faro, ita ce "tun". "For" tana bin tsawon lokacin: shekara 3 ke nan ina koyon ɗinki, "I have been learning tailoring for three years".

Ki lura da wani juyi mai ban sha'awa. Muna cewa na sani, na gane, na yarda, na gaji, ta tsufa. Sigar kammalawa ce, amma halin da ake ciki yanzu muke nufi. Turancinsu shi ne "I know", "I understand", "I agree", "I am tired", "she is old". Wanda ya bi sigar Hausa zai rubuta "I knew" ko "I tired". A ɗaya gefen kuma muna cewa ina da 'yan'uwa biyu, ina son shayi, ina jin Turanci. Nan sigar ci gaba ce, sai ɗalibi ya rubuta "I am having two brothers", "I am liking tea", "I am hearing English". Aikatau masu nuna hali ko mallaka ko abin da ke zuciya, irin su "have, know, like, want, believe, understand, belong, own", ba su cika karɓar "ing" ba. "I have two brothers" ake cewa. "Have" takan karɓi "ing" ne in ma'anarta ta tashi daga mallaka ta koma aikatawa, kamar "We are having lunch". Wannan "I am having" ta yaɗu a ƙasar nan har manyan ma'aikata suna faɗinta a rediyo, amma a takardar jarrabawa layi za a ja mata.

"Yakan" ma tana da tarkonta. Yakan je Mai'aduwa duk ranar kasuwa. Ɗalibai da yawa suna fassara ta da "He use to go". Turanci ba shi da wannan siga ta yanzu sam. Abin da aka saba yi, da sigar yau da kullum ake faɗinsa: "He goes to Mai'adua every market day." "Used to" kuwa ma'anarta a da yakan yi, yanzu ya bari. Wanda ya rubuta "My father used to pray in this mosque" yana nufin mahaifinsa yakan yi salla a nan, to ya faɗi akasin abin da yake nufi, ya ce ya daina.

Jimlar sharaɗi ba za ta ba ki wuya ba in kin riƙe misalai uku. In ruwa ya sauka za mu yi shuka: "If it rains, we will plant." Mu mun ce "ya sauka", Turanci ya ce "rains", ba "rained" ba, ba kuma "will rain" ba. Haka yake bayan "when, before, until, as soon as" in ana maganar gaba. Da ina da kuɗi da na sayi keken ɗinki: "If I had money, I would buy a sewing machine." Da kin zo jiya da kin gan ta: "If you had come yesterday, you would have seen her." Hausa da "da... da" ta sallami biyun ƙarshe, Turanci ya raba su, ɗaya burin yanzu, ɗaya damar da ta wuce.

Wajen tambaya da korewa, ƙa'ida ɗaya ta isa: lokaci sau ɗaya ake ɗora shi, kuma mataimakin farko ne yake ɗauka. Mu muna tambaya da ɗaga murya kawai, ka ci abinci? Turanci sai ya kira "do" ta zo ta tsaya a gaba, al'adar da ta kafu a harshen a tsakanin ƙarni na 16 da na 17. To in "did" ta ɗauki lokaci, babban aikatau ya koma tsurarsa: "Did you go?", "She didn't come". "Did you went" kaya biyu ne a kan jaki ɗaya. Haka "does" take kwashe "s": "He doesn't know". Mataimakan nan 9, wato "can, could, may, might, shall, should, will, would, must", su ma tsuran aikatau ne yake bin su, ba "to", ba "s", ba "ed".

Ki kula ƙwarai da amsa tambayar da aka yi da korewa, domin wannan yana haddasa rashin fahimta har a asibiti da ofis. In aka ce miki "ba ki ci ba?" kika ce "e", kowa ya san ba ki ci ba. In Bature ya ce "Haven't you eaten?" kika ce "Yes", ya ɗauka kin ci. A Turanci amsa tana bin gaskiyar abin ne: in ba ki ci ba, "No, I haven't". Sannan "ko ba haka ba?" da muke liƙa wa kowace jimla ba "isn't it?" ba ce a ko'ina. Wutsiyar tana maimaita mataimakin jimlar ne ta juya shi: "She came, didn't she?", "You can sew, can't you?"

Abin da ya rage shi ne sanin abin da kowane aikatau yake so ya biyo bayansa, kuma wannan sai da zama da kalmomin. Muna cewa jira ni, saurare ni, kai tsaye. Turanci yana sa gada: "wait for me", "listen to me". Muna cewa shiga cikin ɗaki, tattauna a kan batu. Nan kuma Turanci ya cire gadar: "enter the room", "discuss the matter". Wasu aikatau "ing" suke so, "enjoy reading, avoid talking, finish writing". Wasu "to" suke so, "want to go, decide to stay, refuse to pay". "Make" da "let" ba sa son ko ɗaya: "She made me laugh". A ƙarshen wasiƙa kuma "I look forward to hearing from you" ake rubutawa, na sha ganin "to hear" ta cinye maki a layin ƙarshe. Wani lokaci zaɓin yana juya ma'ana gaba ɗaya: "He stopped smoking" ya daina shan taba ke nan, "He stopped to smoke" ya tsaya don ya sha.

Tunda na ambaci sha, ki tuna aikataunmu guda ɗaya yakan rabu gida da yawa. Muna shan ruwa, shan magani, shan taba, shan wahala: "drink, take, smoke, suffer". Muna jin magana, jin sanyi, jin ƙamshi: "hear, feel, smell". Na ari littafi, ara mini littafi, saiwa ɗaya ce a wurinmu, amma na farko "borrow" ne, na biyu "lend", shi ya sa "borrow me your pen" ta zama ruwan dare. Haka "koya" take haifar da "learn me" a wurin "teach me". Ita kuma "an" ta an sace akuyata, an ɗage jarrabawa, mafi kyawun Turancinta shi ne a juya jimlar: "My goat has been stolen", "The examination was postponed", da wani ɓangare na "be" da siga irin ta "taken, written, stolen". "They have stolen my goat" ba laifi ba ce a baki, amma a rubutu mai karatu zai tambaya su wa.

Wani wurin ma Hausa taimakonki take yi. Kowa ya zo muke cewa, ba kowa sun zo ba, haka Turanci: "Everybody has come". Ɗaya daga cikin ƙawayena ta yi aure: "One of my friends is married". In kin yi shakka a irin waɗannan, koma wa Hausarki.

Dalilin da ya sa wannan yake hana ki kiredit lissafi ne. Insha'in WAEC maki 50 ne. Daga ciki 10 na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci, ke nan kuskure 20 sun share su duka. Labarin da aka fara da "was" aka zarce da "is" zai iya tara 20 ɗin nan kafin a kai tsakiyar shafi. Sannan wasu maki 20 na ƙwarewa wajen sarrafa harshe ne, su ma aikatau yana jan su ƙasa. Ga kuma tambayoyin zaɓi da suke gwada waɗannan wuraren da na lissafa kai tsaye.

A nan Katsina muna da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda gininta ya zama gidan tarihi yanzu. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a can suka yi karatu, kuma an san makarantar da tsanantawa wajen furta Turanci da baki. Har aka kai ana yi wa Tafawa Ɓalewa laƙabi da mai muryar zinare. Nakan kai ɗalibaina can don su ga cewa 'ya'yan Hausawa da Fulani ne irinsu suka zauna a ɗakunan nan, da kunne da baki suka kama harshen kafin alƙalami. Ke ma ta nan za ki bi. Kullum ki ɗauki labari ɗaya a jaridar Turanci, ko Daily Trust ko wadda ta samu, ki karanta shi da murya, ki kewaye kowane aikatau da fensir, ki tambayi kanki me ya sa marubucin ya ce "has said" a nan, ya ce "said" a can. Minti 15 sun isa.

Sannan ki sayi ƙaramin littafi ki raba kowane shafi gida uku. A gidan farko ki kwafe jimlar da malaminku ya ja wa layi. A na biyu ki rubuta Hausar da ke ƙarƙashinta. A na uku ki rubuta gyaran. Gidan tsakiyar nan kada ki tsallake shi, don shi ne zai nuna miki cewa kurakuranki iri huɗu ne ko biyar suke ta maimaita kansu. In kin gama insha'i kuma, ki ware minti 5 ki sake binsa daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, aikatau kawai kike dubawa. Bi ta baya yana hana labarin ya ɗauke miki hankali.

A wannan makon ki rubuta mini labarin yadda kika yi Sallar da ta wuce, kalma 200 kawai. Ki sa wuri ɗaya da wani abu yake gudana lokacin da kika isa, wuri ɗaya da wani abu ya riga ya faru kafin ki isa, da wuri ɗaya da kika ba da rahoton maganar wani. Ki ja layi da kanki a ƙarƙashin kowane aikatau kafin ki aiko, zan duba in mayar miki. Ki gaishe da mutanen gida.